Gwiwar Urho Pelkonen da Gadar Ƙarfe

A garinmu Harju, kudu da Tafkin Superior, baƙo ne kaɗai yake tambaya ko dusar ƙanƙara za ta zubo. Mu abin da muke tambaya shi ne ƙarfe nawa za ta fara kama titi. A farkon Nuwamba tana iya yini tana zuba, kwalta tana narkar da ita da sauran ɗumin da ƙasa ta riƙe, sannan cikin rabin sa'a ɗumin ya ƙare, titi ya yi fari fat, motoci su kama zamewa. Wanda ya san wannan sa'ar ya san lokacin sallamar ɗalibai, ya kuma san lokacin da motocin watsa gishirin narkar da ƙanƙara za su fita. Shekara ashirin da shida mutum ɗaya ne ya san ta a garinmu, wato Urho Pelkonen, ko kuma, idan za a bi nasa bayanin, gwiwarsa ta hagu.

Urho tsohon direban motar share dusa ne. Ya ji rauni a gwiwar yana da shekara arba'in, lokacin da ya faɗo daga matakalar motarsa. Yakan ce a tsakiyar guguwa ne, yana ƙoƙarin ceto wata tsohuwa. Abokan aikinsa sun ce rana tana haske, kuma abin da yake ƙoƙarin cetowa shi ne burodinsa mai nama da dankali da ya suɓuce masa. Ko ma dai yaya ne, tun daga wannan shekarar gwiwar ta fara magana, gari kuma ya fara saurare.

Ladarsa ba ta da yawa, amma ya riƙe ta da hannu biyu. A shagon abincin Darlene Bessette akwai kujera ɗaya a bakin taga, kusa da murhu, wadda ba wanda yake zama a kanta sai shi. Shi ake fara zuba wa gahawa. A ranar dusar farko kuwa, shugaban makarantarmu, Gordon Tremayne, yakan bugo waya shagon da tsakar rana, a miƙa wa Urho, kowa ya ajiye cokali. Sai ya lumshe ido, ya shafa gwiwar, ya faɗi sa'a. Na koyar a makarantar shekara talatin da ɗaya, kuma kafin shekarar da zan ba ku labarinta ban taɓa ganin ya kuskure da fiye da minti ashirin ba. Shekara bakwai likita yana roƙonsa ya bari a sauya masa gwiwar, domin ta lalace, shi kuwa yana amsawa cewa ba tasa ba ce shi kaɗai, dukiyar jama'a ce.

Matarsa Lempi, maƙwabciyata, ita ce ta san inda wannan dukiya take da gaske. Daga tagar kicin ɗinsu ana hangen tsohuwar gadar ƙarfe da ke kan rafin gari. Gada ba ta da ƙasa a ƙarƙashinta da za ta ɗumama ta; iska tana bi ta samanta da ƙasanta, saboda haka ita take fara yin fari, wajen sa'a uku kafin sauran tituna. Wannan darasin aji huɗu ne. Urho yakan tsaya a tagar da kofinsa, da ya ga gadar ta yi fari sai gwiwar ta fara zogi, ya duba agogo, ya ƙara sa'a uku. Ba na cewa maƙaryaci ne. Ya yi imani da zuciya ɗaya cewa gwiwar ce take faɗa, gadar kuma shaida kawai take bayarwa.

Sai dai ya tsani gadar. Duk motar katako da ta haye ta sai ta yi ƙarar da ke katse masa barcin rana. Ya rubuta wa ofishin hanyoyi wasiƙa goma sha ɗaya. Na ga biyu daga ciki, babu aya ko ɗaya, amma akwai zafin rai. A ƙarshe suka gaji. A wani watan Yuli suka cire gadar, suka kwantar da ƙaton kwalbati, suka cike shi da ƙasa, suka shimfiɗa kwalta. Urho ya sa rigar zuwa coci, aka ɗauke shi hoto a wurin yana murmushin wanda ya ci yaƙi.

Dusar farko ta wannan shekarar ta soma ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Urho ya tsaya a taga har sha ɗaya da rabi. Inda gada take a da, baƙi ƙirin. Gwiwa ta yi shiru. Ya tafi shago, da sha biyu kuwa waya ta yi ƙara.

"Kawu Urho, ina wuni," in ji Tremayne. "Me dukiyar jama'a ta ce yau?"

"Ba ta ce komai ba tukuna. Ku ci gaba da karatunku. Ka sake kira da ƙarfe ɗaya."

Urho ya ce wa Darlene ya manta maganinsa, ya ɗingisa gida, ya leƙa taga. Har yanzu baƙi. Ya dawo da ƙarfin gwiwa, ya karɓi waya.

"Kafin huɗu ba abin da zai kama. Ka sallame su uku da rabi kamar kullum."

"Ka tabbata, Kawu? Rediyo fa yana cewa ƙarfe biyu."

"To ka ba rediyon kujerata mana! Shi ya taɓa tuƙa motar dusa?"

Shago ya fashe da dariya. Shugaban masu watsa gishiri, wanda yake cin miyar wake a teburin baya, ya ce a ƙaro masa kwano.

Da ƙarfe biyu da minti goma ɗumin ƙasa ya ƙare. Garin ya yi fari gaba ɗaya a lokaci guda, har da sabon kwalbatin, kuma a daidai wannan lokacin, in ji Lempi, gwiwar ta fara zogi. Motar gishiri ta farko ta fita a guje, ta zame a gangaren makaranta, ta kwanta a gicciye ta toshe hanya. Ba wanda ya ji rauni. Amma ɗalibai ɗari da arba'in suka maƙale a zauren wasanni har ƙarfe bakwai, kuma da yunwa ta kama su, ba abin da yake kusa sai burodin nama ɗari biyu da matan coci suka kwana biyu suna gasawa domin walimar mafarauta. Lempi ce shugabar matan. Ko ɓarɓashi bai rage ba.

Da Urho ya koma gida, Lempi ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, zo nan. Duba taga. Me ka gani?"

"Dusa."

"A da me kake gani?"

"Wannan tarkacen ƙarfen."

"To wannan tarkacen shi ne gwiwarka. Shekara ashirin da shida yana yi maka aiki kyauta, kai kuma ka rubuta wasiƙa goma sha ɗaya aka kore shi."

"Haba, Lempi! Gada tana da jijiya ne?"

"Ba ta da ita. Amma ba ta cinye mini burodi ɗari biyu ba."

Washegari ya tarar da Clete Ollila, tsohon mai saran itace, zaune a kujerar bakin taga, ya miƙe ƙafafu wajen murhu.

"Sannu da zuwa, Sarkin Dusa!" in ji Clete. "Zauna can, ka huta. Me gwiwa ta ce game da jiya? Yanzu dai ai ta isa ta sani."

"Clete, bar shi mana," in ji Darlene, amma kofin Clete ta fara cikawa.

Urho ya tsaya riƙe da hularsa. Hanya biyu ce a gabansa. Zai iya faɗin maganar gada, ya zama abin dariya har ƙarshen ransa, ko kuma ya nemi wani mai laifi. Ya dafa teburi, ya yi nishi mai tsawo.

"Ku yi dariya. Shekara bakwai likita yana ce mini ta ƙare, na ƙi, saboda 'ya'yanku. Jiya ta mutu a bakin aiki. Na kira asibiti, za su yanke ta."

Bai kira ba tukuna, amma ya kira da rana. Mutumin da ya kasa furta kalma ɗaya ta gaskiya ya kwanta da kansa aka buɗe masa ƙafa. Gari kuwa ya ji kunya. Mata suka yi ta kai masa abinci, Clete ya tashi daga kujerar, domin mai sanda yana bukatar wurin miƙe ƙafa. Lempi ba ta faɗa wa kowa ba sai ni, ni ma ban ba da labarin ba sai da Urho ya ba ni izini, yana cewa ba wanda zai yarda.

Yau shekararsa tamanin da ɗaya, da gwiwar ƙarfe. Ya rantse mini cewa yanzu da gaske take yi masa zogi kafin titi ya yi fari, kuma na yarda, domin ƙarfe yana jin sanyi kafin ƙasa. Kowane Nuwamba yakan lumshe ido, ya shafa ta, ya faɗi sa'a da babbar murya. Waya ba ta ƙara yin ƙara dominsa ba. Darlene takan ce, "To, Kawu, mun gode," ta cika masa kofi, sannan ta ƙara muryar rediyo.