Ajina, amma ba ni da ikon hana bindiga shiga

"Sake faɗa, ban ji da kyau ba," in ji Baba, ya ajiye kofin shayinsa. Jiya ke nan a gidanmu da ke unguwar Aziziya, bayan na gama taron intanet da jami'ar Amurka da ta ba ni gurbin digiri na biyu da tallafin karatu.

Sharaɗin tallafin shi ne in koyar da 'yan ajin farko, in duba jarrabawarsu. A taron aka ce dokar jihar da jami'ar take ta yarda ɗalibi mai lasisi ya shigo aji da bindiga a ɓoye. Na tambaya ko zan iya hanawa a ajina, aka ce a'a. Na nemo dokar na karanta da kaina. Haka take.

"Ba kowa ba ne, Baba, sai mai lasisi."

"Tayyib, na ji. Za ki san wane ne?"

"A'a."

"Yani ki kayar da yaro a jarrabawa, ya zo yana huci, ba ki san me ke ƙugunsa ba? Ya binti, 'yata, lasisi yana hana zuciya tashi?"

Raina ya ɓaci. Na sha wahala kafin in samu gurbin nan, amma mutanen da ba za su taɓa tsayawa gaban allon ba sun yanke cewa tsorona ba hujja ba ne.

Baba bai hana ni ba, bai kuma ce in tafi ba. Alhamis zan ba jami'ar amsa.

Ku da kuka koyar a can, kun taɓa ba ɗalibi sifili ba tare da kun yi tunanin abin da ke ƙugunsa ba?