Guɗar da Na Yi wa Babura

Ranar Lahadin godiyar kaka ce. Tun asuba na ɗora tukunyar shinkafa. Mijina Iliya yana jera dammunan gero a gaban majami'armu, wani ɗan ɗakin laka a ƙauyenmu da ke bayan Tamawa. Mu Kirista gida kaɗan ne a garin. Kowace shekara 'yan'uwa daga Dutsin-Ma sukan zo a kan babura su taya mu godiya, mu kuma mu fita bakin hanya mu tarye su da waƙa. Ni ce mai guɗa. Iliya yakan ce muryata ce ta hana shi ƙiba.

Da hantsi muka ji ƙugin babura daga yamma. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa Dutsin-Ma kudu take da mu. Matan zumuntar majami'a suka ɗauko tulunan kiɗa, muka fita. Iliya ne a gaba, da farar riga, ya ɗaga hannu yana maraba. Na rangaɗa guɗa. Har gobe wannan guɗa tana ci mini rai.

Mutum uku-uku ne a kan kowane babur, fuska a naɗe. Na gabansu bai rufe tasa ba. Dogo ne, mai wushirya, yana dariya. Ya ɗaga bindiga ya harbi Iliya a ciki.

"Ku ruga cikin dawa!" in ji fastonmu.

Ni da 'yata Saratu muka ja shi cikin gona, muka kwanta a kwarin kunya. Na cire ɗankwalina na toshe raunin. Muna jin harbi, da kukan awaki, da ƙarar kwanon rufi cikin wuta. Har azahar ba mu motsa ba. Iliya yana neman ruwa, babu.

Da ƙugin ya yi nisa, maƙwabcinmu Malam Haruna ya same mu. Shi ma an ƙone masa rumbu, an kore shanunsa. Ya aza Iliya a amalanke ya riƙa turawa yana salati, ni ina bin gefe ina danne cikin. Da la'asar muka samu mota a bakin titi. Kafin mu kai asibitin Dutsin-Ma hannunsa ya saki nawa.

A nan Dutsin-Ma muka zauna, a ɗakin aro. Da aka gama makoki, faston majami'ar garin ya zo gaisuwa. Ya ce, "Maman Saratu, mun yi kuka gaban Ubangiji, ya kuwa ji. Yanzu saura yabo. Ranar Lahadi waɗanda suka tsira za su fito godiya." Na ce to.

Ina godiya, ba ƙarya nake ba. Saratu tana numfashi. Malam Haruna bai bar mu a gona ba. Amma babbar godiyata ita ce Allah ya bar mini idona, ya kuma nuna mini fuskar mai wushiryar nan. Kullum kafin in ce amin sai na kai ƙararsa. Ina roƙon kada mutuwa ta zo masa da sauƙi, ya nemi ruwa a rasa mai ba shi. Ana ta cewa in yafe. Masu cewa haka ba su taɓa toshe cikin mijinsu da ɗankwali ba. Ranar kasuwa nakan zaga wajen masu babura ina duban bakin mutane, kuma ban gaji ba.

Lahadin ta zo. Na rera waƙar yabon har ƙarshe, ban tsallake baiti ko ɗaya ba, haƙorana dai a cije tsakanin amshi da amshi. Sai aka fara kiran gida-gida, kowane iyali ya fito gaba da baikonsa, wato kyautarsa ta godiya. Aka kira gidan Iliya. Muka tashi, ni da Saratu. Mai kiran sunayen bai san mu ba. Ya ɗan dakata yana duban bencinmu ko akwai saura, sannan ya kira gida na gaba.