Mai Kiran Injin Ban-ruwa a Waya

A kasuwar Ƙanƙara wani dattijo yana tsugune gaban injin ban-ruwa da ya ɗaure wa tsohuwar waya da roba. Tabaraunsa ma zare ke riƙe da shi. Ya latsa lamba a wata wayar, injin ya yi tari ya mutu. Ana ta dariya, shi ko a jikinsa.

"Baba, ina ka samo wannan dabara?" na tambaye shi.

"Wani fim na gani ina saurayi, mutum na ba injuna umarni daga nesa."

Na ɗauka sha'awa ce kawai, sai ya ƙara da cewa, "Gonata na bakin daji, hanyar 'yan bindiga. In na tafi ban-ruwa, mai ɗakina ba ta cin abinci sai na dawo."

Ya goge tabarau, ya sake kira.