Raƙumin kakanmu da harafin W

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, mu uku a kujerar mutum biyu, kwamfutata a cinya. Bayan Tibiri wani ya shigo da bunsuru, ya ce ai ba ya cizo. Kuɗin mota kuwa ya hau, har sai da na sake tambayar kamasho ko Tawa mai nisa ya ji na ce.

Wurin kawuna za ni a Dakoro. Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, jiki ya yi rauni, kuma shi kaɗai ya rage da ya san yadda kakanmu ya zo garin. Na je in rubuta daga bakinsa.

An tarbe ni da fura da cuku. Ɗiyarsa, taubashiyata, sakatariya ce. Ta ga ina farautar ƙ da ɗ ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta buɗe min wata manhajar rubutu da mutum ke horar da ita yadda yake so. Ta koya min ɗaura wa kowane harafi mai lanƙwasa maɓallinsa. Sannan ta nuna min makro: ka yi aiki sau ɗaya, na'ura ta haddace, ka danna ta maimaita. Na saki baki. Ashe shekaru ina wahalar banza!

Da la'asar Kawu ya fara magana, wuta ta ɗauke, batirina ya mutu. Na karɓi tata kwamfutar. Hannuna na gudu, shi yana zuba: raƙumin kakanmu, rijiyar da ya sauka, Bafulatanin da ya ba shi masauki. Ana gab da magariba na yi kuskuren kalma, yatsuna suka tafi inda suka saba don janye kuskure. Kwamfutata ƴar Katsina ce, Z mai janyewa yana ƙasa. Tata ta Faransa ce, W ne a wurin, shi kuma rufewa yake yi. Wata tambaya ta faɗo, na danna don ta ba ni wuri. Allo ya koma fari fat. Ashe ban adana ko sau ɗaya ba.

"Kawu, a yi haƙuri a sake."

"Mi za a sake? Magana zarar bunu ce, ɗana."

Da safe ya yarda. Amma a wannan karon kakanmu kan jaki ya zo, rijiyar ta canza suna, Bafulatanin bai fito ba ko kaɗan. Na ce jiya raƙumi ne. Ya dube ni ya ce, "Ni na ce haka?"

Na dawo Maraɗi da labarin jaki. Maɓallin farko da na ɗaura a gida na adanawa ne, abin da tafiyar ta koya min ke nan. Sunan rijiyar da ya fara faɗa kuwa, ni da taubashiyata mun yi ta waya, kowa da abin da ya ji.