Gudumar Datti

Duk unguwar Utaibiyya da ke Makka babu wanda bai san Datti Ba'amurke ba, kuma babu wanda ya san shi kamar yayarsa Zubaidatu, wadda ta goya shi. Ita kam ko sunan ta ji sai ta ja tsaki. A bana, yana da shekara sittin da uku, takarda ɗaya tal yake nema daga ƙungiyar Hausawan unguwa, mai shaida cewa a Makka aka haife shi, don da ita za a gyara masa igama, wato izinin zama. In babu ita, zamansa a garin ya ƙare. Amma bari mu faro daga tushe.

Iyayensu daga Kano suka zo ta Sudan, uban yana kasa turare. Datti ya ce shi ba zai yi sana'ar tsuguno ba. Ya kafa tebur a bakin titi yana rubuta wa mutane takardun koke da Larabci. Rubutunsa na da kyau, wannan ko Zubaidatu ba ta musu. Daga nan fa ya raɗa wa kansa suna lauya.

Amurkar kuwa, wani attajiri Balarabe mai suna Nawaf ne ya tafi jinya, ya ɗauke shi ya riƙa tura masa keken marasa lafiya. Wata biyu da kwana tara. Ranar da aka ba shi hutu ya shiga wata kotu ya zauna cikin 'yan kallo, bai fahimci ko kalma guda ba. Ya dawo da 'yar gudumar katako irin wadda alƙalansu ke bugawa a tebur, da kuma "a Amurka" a bakinsa. Ko gishiri ne ya yi yawa a miya, sai ka ji yadda ake yi a Amurka.

Dattawa suka sa shi cikin masu sulhu saboda ya iya alƙalami. Da can a kan darduma ake yi, a sha shayi, a ba kowa haƙuri, a tashi kafin la'asar. Datti ya kawo tebur da guduma. Wasu mata biyu maƙwabta suka yi sa-in-sa a kan igiyar shanya, ya ɗage musu zama har sau huɗu. Kafin ya yanke hukunci igiyar ta tsinke, matan sun shirya.

Abin bai ishe shi ba, sai da ya rubuta wa ƙungiya dokoki arba'in da ɗaya. Mutanenmu kuwa, da sun ga abu a rubuce sai jikinsu ya yi sanyi, suka amince ba tare da sun karanta ba. Doka ta bakwai ta ce ba a karɓar shaidar baki, ba a karɓar ta dangi, sai takarda. A unguwar da rabin tsofaffinta a ɗaka aka haife su!

Wadda dokar ta fara ci ita ce Aishat, wata mai takaba da ta zo neman takardar shaidar haihuwa. Inna Hure, tsohuwar ungozomar unguwa, ta zo da sandarta ta ce ita ta karɓi haihuwar Aishat, ta faɗi gidan, ta faɗi watan. Datti ya buga guduma.

"Inna, baki ba takarda ba ne."

Aishat ta tattara ta tafi Chadi, ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Tun daga ranar Zubaidatu ba ta ƙara cin abincin gidansa ba. Ta tsani abin da ya yi, ta kuma faɗa masa a gaban matarsa.

To, yau ga shi an zo kansa. Takardar haihuwarsa ta salwanta tun lokacin da suka tashi daga tsohon gida, shi mai koya wa duniya adana takardu. Shugabancin ƙungiya ya koma hannun Issoufou, mutumin da Datti ya horar da kansa, har ya ba shi gudumar. Wa'adin gyaran igama saura kwana goma sha biyu.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zubaidatu ta haɗiye kunya ta je ta roƙi Inna Hure, wadda yanzu ta doshi casa'in. Tsohuwar ta nemi mayafinta.

A gaban kwamiti ta ba da labari tiryan-tiryan: ranar Talata ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, uwarsa ta sha wuya, shi kuma ya fito yana tsala ihu bai daina ba har yau. Aka yi dariya kaɗan. Issoufou ya buɗe littafi ya karanta doka ta bakwai, muryarsa ƙasa-ƙasa. Datti ya gyara zama ya ce ai doka ana sassauta ta, ko a Amurka. Issoufou ya juya shafi ya nuna masa ta arba'in da ɗaya: ba a taɓa kowace doka sai a babban taro, bayan aikin Hajji. Saura wata biyar. Rubutun ma na Datti ne, mai kyau.

Inna Hure ta dafa sanda ta miƙe.

"Datti, ni na yanke maka cibiya, na sani, Allah ya sani. Amma kai ka ce baki ba takarda ba ne."

Bai ɗago ba. Zubaidatu ta dube shi, ƙaton mutum da furfura, ta ji haushi da tausayi sun cakuɗe mata, haushin ya fi yawa. Issoufou ya tura masa gudumar a kan tebur, bai ɗauka ba. Ita ta ɗauke ta jefa a jaka, ta kama hannun tsohuwa suka fita.

Datti yana can yana haɗa kaya, yana tambayar mutane ko a Kano akwai wanda ya san danginsu. Gudumar kuwa tana madafin Zubaidatu, da ita take fasa ƙanƙara.