Ƙullin da Baba Ya Kawo daga Teku

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baba. Da na sauka Dayi daga makaranta domin addu'ar da ake yi masa, abin da idona ya fara kamawa igiyar rumfar ƙofar gida ce. An ɗaure ta da ƙullinsa, mai zobe a baki, wanda ba ya zamewa komai iska, amma yakan kwance da taɓawa ɗaya. Na san wadda ta ɗaura. Yaya Hadiza ce, domin ita kaɗai ya koya wa.

Baba ya bi motar shanu zuwa Ikko yana saurayi. Daga nan ya samu aikin girki a ƙaramin jirgin ruwa na wasu Turawa, irin wanda iska ke turawa da babban ƙyalle. Yawo kawai suke yi daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ya ce wani tsibirin bai kai gonar Kawu Sale ba, kwakwa ce kawai da tsuntsaye. Inda suka yini ba lallai su kwana nan ba, iska ce mai yanke shawara.

Na fara kishi da tsibiran nan tun ban san su ba. Sukan riƙe shi har damina ta wuce, kuma idan ya dawo ma rabinsa na can. Zai tsaya bakin gona, masara na kaɗawa, ya ce ga teku, garuruwan da ke leƙowa daga cikinta kuma tsibirai. Sai ya ɗora Yaya a babur su tafi abin da yake kira shawagi. Ni ba a hana ni ba. Ban taɓa cewa zan je ba ne, shi kuma ya ɗauka ba na so.

Da yamma Yaya kan zauna jikin gwiwarsa da guntun igiya, tana kuskure yana dariya. Ni ina bayan turmi. Daga can na ga abin da ita ba ta kula ba: yadda yake lasar yatsa ya ɗaga don ya ji inda iska ta fito, da yadda yake dafe kofin shayi a ƙasa kamar tabarma za ta karkata. Zazzaɓi ya ɗauke shi a kan tabarmar nan, nesa da duk wani ruwa.

Yanzu a wayar ƙawata nakan ga irin jiragensa. Ruwan kore ne shar, ana hango yashin ƙasa, kamar yadda ya faɗa mutane suna cewa ya cika ƙari. Da yana nan, ina jin zai karɓi wayar ya ce ƙyallen bai ɗauru daidai ba. Sai in tambayi kaina wa zai fara nuna wa, kuma na san amsar.

Bayan girbi za a kai Yaya ɗakinta a Dandume, wajen wanda take so. Ƙullin zai bi ta. Rigunan Baba an rabar, babur an sayar, muryarsa ma ta fara yi mini nisa. Abin da ya rage nasa da za a iya taɓawa yana cikin yatsunta.

Da aka watse daga addu'ar, na same ta tana kwance rumfar. Ta ce wai ta manta ko Baba ya ce kunkurun ruwa da dare yake fitowa ko da asuba. Na ba ta amsar, har da sunan tsibirin.

"Ke ashe kina ji, 'yar bayan turmi?" ta ce tana hararata da wasa.

Na ɗauki bakin igiyar.

"Yaya, kafin a kai ki, ki koya mini. A hankali, yadda ya koya miki."