Tarihin Bertomeu Sendra, Mai Hoton Ƙubbar Benimarsa, da Koren Tayil na Arba'in da Ɗaya

An haifi Bertomeu Sendra Llorca, wanda kowa a garin nan ya fi sani da Tio Tomeu mai hoto, wato Kawu Tomeu, ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1929, a unguwar masunta ta garin Benimarsa da ke gaɓar Bahar Rum, a ƙasar Sifaniya. Mahaifinsa shi ne Gaspar Sendra, masunci ɗan masunci, mahaifiyarsa kuwa Remei Llorca, wadda sana'arta ita ce ɗinkin ragar kamun kifi. Shi kaɗai Allah Ya ba su.

Ƙuruciya da Karatu

An sa shi makarantar gari a shekarar 1935, kuma malamansa sun shaida cewa yana da hannun zane, amma sun ce ba su taɓa ganin yaro mai fargaba irin tasa ba. Idan girgije ya taso sai ya kasa karatu, ya yi ta leƙen taga har sai ya ga jiragen masunta sun shigo. A tsawon rayuwarsa bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba, alhali a Benimarsa har kyanwoyi suna shiga.

Ranar 17 ga Nuwamba, 1940, jirgin mahaifinsa ya fita bai dawo ba, kuma ba a samu gawa ba. A al'adar garinmu tun zamanin kakanni, idan teku ya riƙe gawar mutum, danginsa sukan sa a cire tayil ɗaya daga cikin shuɗɗan tayil da suka rufe ƙubbar cocin Waliyyi Bitrus, a sa kore a gurbinsa, wannan koren shi ne kabarinsa. Littafin da aka rubuta sunayen masu koren ya ƙone a lokacin yaƙin basasa, saura lissafin da mata suka riƙe a ka. An sa na Gaspar a gefen ƙubbar da ke fuskantar teku, daidai inda ake hange daga tagar ɗakin Remei. Ranar da aka kammala ta kira ɗanta ta ce masa, "Zo ka ga babanka, Tomeu. Shi ne na arba'in da ɗaya." Ya zo ya tsaya a tagar, ya runtse ido, ya ce ya gani. Bayan haka al'adar ta mutu, domin jiragen inji sun shigo, kuma ba a ƙara rasa kowa ta wannan hanya ba.

Koyon Sana'a da Aiki

A shekarar 1944 ya bar makaranta ya shiga shagon Nofre Pastor, wanda a lokacin shi kaɗai ne mai ɗaukar hoto a garin. A wurinsa ya koyi ɗaukar hoto a kan faifan gilashi, da wanke shi, da kuma shafa masa launi da siririn burushi, domin hoton wancan zamani fari da baƙi ne. Da Nofre ya rasu a 1950 shagon ya koma hannunsa. Ya ɗauki ƙubbar daga kasuwa, daga hanyar dutse, daga rufin mai gashin burodi, da safe da rana da bayan ruwan sama, har faifansa suka kai ɗari biyu da goma sha biyu. Ta gefen teku ne kawai bai taɓa kafa kyamara ba, kuma idan aka tambaye shi sai ya ce hasken wurin ba shi da kyau.

A watan Afrilu na 1951 ya kai hotunansa birni wurin wani mai suna Don Eusebi, mai buga katunan da baƙi ke saya su aika gida. Ya shafa launin kamar yadda ƙubbar take, shuɗi da ɗigon kore nan da can. Don Eusebi ya duba ya ce, "Samari, wannan koren ai kamar gansakuka yake. Baƙo zai ɗauka cocinku ya ruɓe. Ka shafe mini shi shuɗi fes, in ba za ka iya ba akwai masu jira a waje." Tomeu ya dawo gida ya shafe. Katin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata, sannan ya fara zana cocin da lungunansa da fentin mai a kan ƙyalle yana sayar wa baƙi, kuma a kowane zane ƙubbar shuɗiya ce tun daga ƙasa har sama.

Aure da Iyali

Ya auri Empar Ivars, 'yar mai gashin burodi, ranar 6 ga Fabrairu, 1954. Mace ce mai kaifin baki da saurin hannu, kuma cikin wata shida ta fi shi iya shafa launi. Ita kaɗai ta taɓa yi masa maganar a fili. An ruwaito cewa ta ce masa, burushi na hannunta, "Tomeu, yau ma mutum nawa za mu binne a cikin shuɗin nan?" Sai ya tashi ya je ya duba ko ya rufe ƙofar shago, abin da yakan yi sau uku ko huɗu a yini. Sun haifi 'ya'ya huɗu tsakanin 1955 da 1964, ɗaya ya rasu yana jariri.

Rushewar Ƙubba

Ranar 2 ga Oktoba, 1958, da hantsi, aradu ta faɗa kan ƙubbar a cikin wani hadari mai ƙarfi, rabinta ya rufta cikin cocin, sauran kuma hukuma ta sa aka sauke don kada ya faɗa wa masu ibada. Ba a rasa rai ba. Fasassun tayil ɗin aka kwashe aka cike ramin tashar jiragen ruwa da su, aka rufe saman cocin da kwano, aka ce na ɗan lokaci ne. Wannan ɗan lokacin ya kai shekara ashirin da shida.

Remei ta rasu a 1961, tsofaffin da suka san wuraren koren suka yi ta binta ɗaya bayan ɗaya. Katin Tomeu kuwa bai daina fita ba, domin ya ci gaba da buga shi daga tsohon faifai. Yana rataye a makaranta, da ofishin magajin gari, da ɗakin kowace amarya, har yaran da aka haifa bayan rushewar suka tashi suna rantsuwa cewa ƙubbar garinsu shuɗiya ce zalla. A waɗannan shekarun ne ciwon gyambon ciki ya kama shi, likita ya ce ba abinci ba ne, damuwa ce, ya tambaye shi abin da ke damunsa, shi kuma ya ce ba komai.

Taron Shekarar 1984

A watan Janairu na 1984 aka yanke shawarar sake gina ƙubbar, aka turo injiniya daga birni, Doña Clotilde Ferrer, ta kira taron gari a zauren coci. A nan wata tsohuwa mai shekara tamanin da uku, Tia Quiteria, wato Gwaggo Quiteria, wadda teku ya riƙe yayanta a 1919, ta miƙe ta ce, "To 'yata, koren fa? Ina za ki sa mini ɗan'uwana?" Matasa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Injiniyar ta ɗaga katin ta ce, "Tia, ni da hujja nake aiki. Ga hoton ɗan garinku, wanda ya ga ƙubbar da idonsa. Ko ba haka take ba, Tio Tomeu?" Tomeu yana zaune a layi na uku, hularsa a hannu, ya gyaɗa kai. Wannan ita ce rana mafi muni a tarihinsa, kuma marubucin nan, da yake cikin zauren, yana cikin waɗanda suka yi dariyar.

Ya yi kwana tara a kwance bai ci abin kirki ba. Abin da yake tsoro shi ne a ce mutumin da garin ya ɗauka amintaccen idonsa ya shafe kaburbura arba'in da ɗaya don katin baƙi, har da na ubansa. Abin da ya fi wannan tsoratar da shi kuma shi ne a gasa tayil, a gina, magana ta ƙare. A rana ta tara Empar ta ajiye masa romon kifi ta ce, "In mutuwa za ka yi, ka fara zuwa ka faɗa musu, sannan ka dawo ka mutu. Gadon ba inda zai je."

A zaman kwamitin ginin ƙubbar na 4 ga Fabrairu ya tsaya ya ce, "Tia Quiteria ce mai gaskiya. Ni na shafe su, da hannun nan." Ba wanda ya zage shi a wurin, amma wasu sun daina gaishe shi har suka mutu. Doña Clotilde ta ce za a kunna wutar gashin tayil ranar 1 ga Yuni, idan ya kawo hujjar wuraren kafin nan za ta sa, idan bai kawo ba shuɗi za a yi.

Neman Wuraren

A hoton fari da baƙi shuɗi da kore duk toka-toka suke fitowa, saboda haka makonni shida suka wuce yana bisa faifan da madubin ƙara girma bai samu komai ba, yana ta ƙirga kwanakin da suka rage a jikin kalanda. Sai ya lura cewa a faifan da ya ɗauka da safe bayan ruwan sama, shuɗɗan tayil, waɗanda aka sayo daga birni, suna walƙiya fari, amma wasu ƙalilan suna zama baƙi, domin koren a murhun maginin tukwanen garin aka gasa su, ba su da sheƙi. Irin waɗannan faifan goma sha tara ne kacal. Da shi da Empar suka bi su layi-layi suna sa alama a zanen ƙubbar, har suka samu arba'in. Tia Quiteria ta gane na yayanta, layi na biyar daga gicciyen da ke saman ƙubbar.

Na arba'in da ɗaya ba ya cikin kowane faifai, domin yana tsakiyar gefen teku. Ya je tagar ɗakin mahaifiyarsa ya tsaya yini guda yana kallon kwano, bai tuna komai ba, tunda bai taɓa gani ba. Injiniyar ta tausaya masa ta ce, "Tio, zaɓi ko'ina a gefen nan in sa, wa zai sani?" Ya ce, "Ni zan sani, 'yata. Sau ɗaya na yi wa ƙubbar nan ƙarya, ya ishe ni." An gasa kore arba'in da ɗaya, aka sa arba'in, aka buɗe ƙubbar ranar idin Waliyyi Bitrus na 1986. Ɗayan ya kai gida ya naɗe a ƙyalle.

Shekarunsa na Ƙarshe da Rasuwarsa

Ya janye tsohon katin daga kasuwa, ya kuma bi gidajen garin da burushi yana roƙon a ba shi tsofaffin zanensa ya ƙara musu kore. Wasu sun ba shi, wasu sun hana. Har idonsa ya mutu a 1993 bai daina rubuta wasiƙu ga baƙin da suka taɓa zuwa garin ba, ko wani ya ɗauki ƙubbar daga cikin jirgi kafin 1958. Hotuna bakwai aka aiko masa, duk daga nesa. Empar ta rasu a watan Mayu na 1995.

Bertomeu Sendra Llorca ya rasu ranar 21 ga Janairu, 1997, a gidansa, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa addu'a a ƙarƙashin ƙubbar, aka binne shi a maƙabartar kan tudu kusa da matarsa. Bisa wasiyyarsa an sa koren tayil ɗin a ƙirjinsa cikin akwatin, aka rubuta sunaye biyu a jikin dutsen, nasa da na Gaspar Sendra, masunci, wanda ya samu kabari bayan shekara hamsin da shida. Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Neus, malamar makaranta a Benimarsa, Assumpta, wadda ta gaji shagon da faifan, da Gaspar, matuƙin jirgin ruwa.